Wa Zai Riƙe Jagoran Adawa?

Zuwa ga Uwargida, ɗalibar gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya zama wajibi a kaina, a matsayina na shugaban riƙon ƙwarya na wannan gida, in sanar da ke cikin alhini cewa kujerar karatuna ta samu karaya a ƙafarta ta baya. Abin ya faru ne bayan la'asar, ina zaune a kanta ban yi mata laifin komai ba. Ba ta rasu ba, amma ta gurgunce. In na jingina ta yi baya, in na sunkuya ta yi gaba, kamar ɗan siyasar da bai tabbatar da wanda zai ci zaɓe ba. Na aika wa kafinta, ya ce gobe. Kin dai san goben kafinta.

Ni lafiyata lau, in ban da kunnuwan nan da injinan maɗaba'a suka cinye. Don Allah ki daina wahalar da kanki kina zagayawa bayan tankin ruwan makarantarku neman layin waya. Ran nan na yi ta ihun "Na'am? Na'am?" har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko gobara ce. Takarda ba ta katsewa. Direban nan da ke zuwa wajenku ya yarda zai riƙa kai miki, ya kawo mini taki.

Auta tana lafiya, tana ta aikinta a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Mijinta har yanzu yana can inda suke gina gada, sai dai a ji muryarsa. Jikanki kuwa, wanda na naɗa Jagoran Adawa, ya fitar da haƙora biyu kuma ya ƙara ƙaimi a kan aikinsa. Yana adawa da wanka, yana adawa da barci, yana adawa da hula. Ni ma bai amince da shugabancina ba.

Yanzu ga labari mai daɗi. Mutanena masu ra'ayin riƙau, waɗanda kika ce na zaɓa ne don in samu abin musu a shagon mai aski, sun hau mulki sun fara aiki. Maɗaba'armu ce ta samu aikin buga ɗan littafin manufofinsu a kan iyali, kuma ni zan duba shi. Abin da na shekara ashirin ina faɗa ana yi mini dariya, ga shi a rubuce: gwamnati ba uwa ba ce, ba uba ba ce, kuma duk aikin da ta karɓe daga hannun iyali, iyali sun manta yadda ake yin sa ke nan. Daga ƙarshen watan nan za a rufe ɗakunan rainon yara na ma'aikatun gwamnati, har da na asibitin su Auta. Maimakon haka za a riƙa ba duk uwar da ta zauna a gida ɗan alawus.

Kada wannan ya ɗaga miki hankali. Iyali za su ɗauki nauyin nasu, kamar yadda suke yi tun kafin a ƙirƙiro ma'aikatu. Ke dai ki riƙe karatunki.

Mijinki, mai duba rubutu.

*

Malam,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin haihuwa, domin a nan ba a zama. Lafiyata ƙalau, sai ƙafafuna da ke kumbura da yamma. Karatu da wuya amma ina ci. Yaran ajinmu suna kirana Mama, suna kwafar aikina. Saura wata uku jarrabawar ƙarshe. In Allah ya sa na ci, matarka ta zama ungozoma mai takarda, tana da furfura.

Allah ya ba kujera lafiya. Ka tura mata littafi ɗaya a ƙarƙashi, ai kana da waɗanda ba ka buɗewa.

Sai maganar iyali. Malam, kai mai duba rubutu ne, ka saba tsare marubuci ka ce masa me kake nufi a nan. To ni ma na tsare ka. Su wane ne iyalin nan da za su ɗauki nauyi? Surukinmu yana wurin gada. Mahaifiyarsa ita kanta ɗaukarta ake yi tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ɗanmu da matarsa sun fi ni nisa. Ƙanwarka tana shago daga safe har magariba, in ta rufe ba su ci ba. Na duba dama, na duba hagu, mutum biyu na gani: Auta da ni. Wace ce a cikinmu littafin naku ya zaɓa?

Ka ba ni amsa gajera, ba irin ta shagon mai aski ba.

Ka shafa mini kan yaron. Ka daina ce masa Jagoran Adawa, suna yana bin mutum. Kuma ka wanke labulen falo, na san ba ka taɓa shi ba.

Taka, uwar Auta.

*

Uwargida,

Gaisuwa da fatan ƙafa ta sassauta. Ki riƙa ɗora ta a kan filo. Ni lafiya. Labule kuma yana gaishe ki.

Kin nemi amsa gajera, amma tambayar taki tsohuwa ce, ta girmi ni da ke. Masana sun daɗe suna kai-kawo a kanta. Wasu sun ce al'umma kamar itace take, ba a gina ta, tsirowa take yi, kuma duk wanda ya zo da zarto don ya gyara ta, inuwar yake ragewa. Wasu kuma sun ce a'a. Ni ina tare da na farko, kin sani. Sauyi irin wannan dole ya zo da ɗan ƙunci a farko, kamar sabon takalmi.

Wannan bayanin na so in yi wa Auta jiya, da ta biyo daga aiki da farar rigarta a jiki da yaron a kafaɗa. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Baba, ka ji abin da mutanenka suka yi?"

Na ce, "Na ji, har na gyara musu waƙafi."

Ba ta yi dariya ba, ita da ke dariyar duk shirmen da na faɗa tun tana rarrafe. Ta ce ta zagaya gidajen raino masu zaman kansu, duk sun cika, wanda bai cika ba kuma albashinta gaba ɗaya yake so. Ta ce mijinta ya ce ta karɓi alawus ɗin ta zauna shekara ɗaya ko biyu, ai ba abin kunya ba ne. Shugaban ɗakin gwajinsu kuma ya ce in ta tafi ba zai iya riƙe mata gurbi ba.

Ta ce, "Baba, kai ka riƙa kai ni makaranta a bayan babur, ruwa na dukanmu, kana cewa 'yarka ba za ta miƙa wa kowa hannu ba. Yanzu in miƙa wa gwamnati?"

Na gyara murya na fara kawo mata yadda mutanen da suka rayu kafin mu suka yi rainon 'ya'yansu ba tare da ma'aikata ba. Ban kai ko'ina ba ta katse ni.

"Baba, ranar Litinin nake tambayarka, ba tarihi ba."

Jagoran Adawa ya goyi bayanta da kuka, suka fita.

To ga amsarki, in amsa ce: ban sani ba tukuna, amma za a samu hanya. Kullum ana samu.

Na zauna bayan sun tafi, kujera tana kai ni tana dawo da ni. Gidan nan ya ƙara girma tun da kika tafi. Ban taɓa sanin yadda ake bukatarki a cikinsa ba kamar yadda na sani a makon nan.

Mijinki.

*

Uwargida,

Gaisuwa kuma. Shiru ya yi yawa. An ce motar direbanmu tana gareji an sauke mata inji, shi ya sa na bar wannan a hannun mai sayar da tikiti a tasha, ya ba duk wanda ya nufi wajenku. Ina fata shirun na mota ne, ba na fushi ba.

Litinin ɗin da Auta take tambaya ta zo, kuma a ƙofata ta sauka. Da sassafe na ji ana dukan ƙofa, dukan da har ni na ji. Auta ce, da jaka a hannu ɗaya, yaro a ɗaya.

"Yau kaɗai, Baba, kafin in samu mafita. Madara tana cikin jaka, ga kunzugu. Kuma don Allah kada ka gaya wa Mama. In ta ji na bar maka yaro jininta zai hau."

Na ce, "Ni? Ai ni namiji ne."

Ta ce, "Ai kai iyali ne," ta ɗora mini shi ta bi motar asibiti da gudu.

Ga shi na gaya miki, domin ban taɓa iya riƙe sirri a gabanki ba.

Uwargida, na karanta tarihin yaƙe-yaƙe da yawa, ban ga irin na wannan safiya ba. Yaron ya dube ni, ya gane gwamnati ta sauya ba da yardarsa ba, ya buɗe baki. Na kaɗa masa makullai, ya jefar. Na buga masa murfin tukunya, ya ƙara murya. Na yi masa waƙa, nan ne ma abin ya ɓaci gaba ɗaya. Na ɗaura masa kunzugu gaba a baya, sakamakon yana kan rigata mai ruwan toka. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Malam, yanka shi kake yi?" Wannan ne karo na farko da kurumta ta yi mini rana, domin rabin kukan kawai nake ji, kuma rabin ma ya isa.

Ga kuma aiki. Na aika wa mai maɗaba'a cewa ba zan fito ba, ya aiko mini da shafukan littafin gida, ya ce washegari yake son su. Da na rasa yadda zan yi, sai na zauna a gurguwar kujerata, na kwantar da yaron a ƙirjina yana ta zanga-zanga, na ɗauki jan biro na fara aiki yadda aka koya mana. Kin san mu tsofaffin hannu ba ma duba rubutu da ido kaɗai. Da murya muke karantawa, a hankali, murya ɗaya ba hawa ba sauka, muna faɗin kowace alama. Kin sha korata tsakar gida saboda haka.

Na fara: "Iyali, waƙafi, shi ne tushen al'umma, aya. Sabon sakin layi. Gwamnati ba za ta shiga tsakanin uwa da ɗanta ba, aya." Ina karantawa, kujera tana baya tana gaba. Ban ankara ba sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Na duba. Jagoran Adawa ya yi barci, baki buɗe, hannunsa riƙe da aljihuna.

A matsayina na mai son ilimi, na yi gwaji a kwanakin da suka biyo baya. Na karanta masa jarida, ya ƙi. Na karanta masa littafin labari, ya tashi zaune yana son jin ƙarshe. Littafin mutanena kaɗai ke kwantar da shi. Babin rage haraji ya fi kowane ƙarfi, ko rabin shafi ba ma kaiwa.

Kin ji na ce kwanakin da suka biyo baya. E, "yau kaɗai" ɗin Auta ta hayayyafa. Mai maɗaba'a ya ce in dai shafuka za su dawo da tsabta, bai damu ko a kan rufin ɗaki na duba su ba. Na kwashe littattafan da ke layin ƙasa na mayar sama, domin yaron ya fara cin manyan masana. Auta tana zuwa aiki. Ba mu tsara haka ba, faruwa ya yi.

Ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Mijinki.

*

Malam,

Gaisuwa. Ina lafiya. Tun takardarka mai maganar sabon takalmi ban sake ganin wata ba, an ce direban ya kwana biyu bai zo ba. Wannan zan ba wata ma'aikaciyar jinya da za ta biyo ta wajenku.

Na karanta ƙarshen takardar nan taka har ta fara yagewa a wurin ninki. Shekara talatin muna tare, ka ce mini shayi ya yi sanyi, ka ce mini na iya musu, amma ba ka taɓa cewa ana bukatata ba. Da na ga ka rubuta da hannunka, na san abin ya kai inda ya kai, kunya ce ta hana ka ce in dawo. To na ji, kuma na sauƙaƙe maka.

Na je na samu shugabar makaranta na ce zan ajiye karatu. Ta yi ta yi da ni. Ta ce in tuna da ƙyar aka ɗauke ni saboda shekaru, in na fita ba za a sake buɗe mini ƙofa ba. Na ce na sani. Ta ce to in ƙarasa aikin makon nan a ɗakin haihuwa saboda hannu ya yi ƙaranci. Ranar Asabar zan taso.

Ba zan bari Auta ta yi abin da na yi ba. Ni na san ɗanɗanonsa. Lokacin da na samu cikin yayanta na bar wannan karatun, kowa ya ce shekara ɗaya ce, ki yaye shi ki koma. Ka ga shekarar da na koma. Ni na riga na saba da ajiyewa, ita ba ta saba ba, kuma ba na so ta koya.

Kada ka gaya mata, za ta hana ni. In ta gan ni da akwati shi ke nan.

Ban yi fushi da kai ba, Malam. Jiya na karɓi haihuwa ni kaɗai, malamarmu tana tsaye ba ta sa hannu ba. 'Ya mace, lafiyayya. Ko wannan kaɗai na samu, ban zo a banza ba.

Ka zo tasha ka ɗauke ni, akwatin yana da nauyi.

Taka.

*

Uwargida,

KADA KI TASO. Na rubuta da manyan baƙaƙe, abin da na hana marubuta yi tsawon rayuwata.

Gaisuwa a taƙaice, kowa lafiya. Takardarki ta same ni yau Alhamis, kuma na gane tawa ta ƙarshe ba ta kai gare ki ba. Yaron yana hannuna. Tun ranar da aka rufe ɗakin rainon yake hannuna. Auta ba ta bar aiki ba, ba za ta bari ba. Babu wanda zai ajiye komai.

Na kira wayarki har yatsana ya gaji, ba ta shiga. Sai na ce tasha. Yaron kuwa ba a barin sa, ba a kuma ɗaukar sa a hannu a yi sauri. Maƙwabciya ta zo ta goya mini shi da zaninki mai ruwan ganye, tana ɗaurewa tana dariya har da hawaye. Haka na ratsa unguwa. Kin san hanyar tasha ta gaban shagon mai aski ta bi, kuma majalisa ta cika, har da shugaban jam'iyyarmu na mazaɓa.

Mai aski ya fito da almakashi a hannu ya ce, "Malam, barka da sauka! Yaushe aka haihu ba mu ji ba?"

Shugaba ya ce, "Haba Malam, mutum kamarka? Ina matan gidan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya tana gwada jinin mutane, ɗaya tana karɓar haihuwa. Ni manufa nake aiwatarwa. Shafi na farko, sakin layi na biyu."

Jagoran Adawa ya leƙo ta kafaɗata ya yi masa tsawa, muka wuce.

A tasha na tarar da tsohuwar takardata tana kwance a aljihun teburin mai tikiti, ya manta da ita. Ban tsaya faɗa ba. Na samu direban da ke kai magunguna asibitinku, ya rantse gobe kafin azahar zai sa su biyun a hannunki. A kan bayan motarsa nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da rubutun.

Game da layin da kika karanta har ya yage: ba kiranki na yi ba. Kewarki nake yi. Abin da na so in ce ke nan. Na ƙare rayuwata ina gaya wa marubuta su faɗi abin da suke nufi, ga shi kalma uku sun gagare ni.

Ki koma wurin shugabar ki ce mijinki ne ya yi shirme. Za ta gane, ita ma na ji tana da miji.

Naki.

*

Malam,

Alhamdu lillahi. Ina lafiya, yau har ƙafar ma ba ta kumbura ba.

Direban magunguna ya same ni na riga na ɗaure akwati, na raba wa yaran ajinmu bokitina da fitilata. Ya miƙo mini takardu biyu. Na fara da mai manyan baƙaƙe, na zauna a kan akwatin. Sannan na karanta ɗayar. Malam, na yi dariya har wata mai naƙuda ta aiko a tambaya ko lafiya. Ina dariya ina kuka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Na tafi ofishin shugaba ina jin kunya kamar yarinya. Ban gama magana ba ta ce, "Mama, ni ban kai maganarki ko'ina ba. Na ce sai na ga kin shiga mota da idona." Ta ce in gaishe ka, kuma in tambaye ka ko za ka aiko mana da littafin nan ɗaya don ɗakin jarirai.

Bokitin dai yaran sun ƙi dawo mini da shi.

Yanzu ka saurara. Ka ɗiga madarar a bayan hannunka kafin ka ba shi. Kada ka bar jan biro kusa da shi. In ya yi barci ka kwantar da shi a kan katifa, kada ku kwana a kujerar nan ku faɗo tare. Zanina mai ruwan ganye kuma ka wanke shi da hannu, shi ne mai kyan da nake da shi. Na kira Auta daga bayan tanki, mun yi wa juna faɗa, kowa ta ce don me ɗaya ta ɓoye mata. Ta ce ka iya ɗaura kunzugu yanzu, sai dai kana yi kana yi masa lacca.

Kalma ukun nan sun iso. Na ajiye su. Ba sai ka sake ba, na san abin da suka ci maka.

Amma tambayata tana nan, ba ka amsa ba. Kuma har yanzu kana tare da mutanen naka?

Taka, ɗaliba.

*

Uwargida,

Gaisuwa da murna. Tun da takardarki ta zo nake cin abinci kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Kowa lafiya. Haƙori na uku ya fito, an gwada shi a kan babban yatsana.

Kafinta ya zo jiya da kayan aikinsa, goben tasa ta yi. Na ba shi shayi na sallame shi. Duk wanda ya taɓa ƙafar kujerar nan, ni da shi.

An gama buga littafin, an rarraba. Na riƙe shafukan gwajin saboda amfanin gida. Surukinmu ya kira, Auta ta kara mini wayar a kunnen da ya fi ji, na tsinci "Baba, mun gode" da "ban san za ka iya ba". Ni ma ban sani ba.

Kin tambaya ko ina tare da mutanena. Har yanzu ina ganin gwamnati ba uwa ba ce, kuma zan ci gaba da faɗa a shagon mai aski, da goyo a bayana in ta kama. Yaron nan ya fi sanin warin rigata fiye da na kowace ma'aikaciya, kuma ba zan ɓoye miki ba, in Auta ta zo ɗaukarsa da yamma sai in ji hannuna ya rasa abin yi. Amma abokiyar aikin Auta, wadda teburinsu ke haɗe, ta ajiye aiki makon jiya. Ita ba ta da kurman tsoho mai aikin da ake yi a zaune. Auta ta ce ta kwashe kayanta a kwali ba ta yi wa kowa sallama ba. Yanzu aikin mutum biyu Auta take yi, masu jiran sakamakon gwaji kuma suna ƙara kwana. Mu sa'a muka yi, da gurguwar kujera. Na karanta littafin nan da murya fiye da duk wanda ya rubuta shi, ban ga inda aka faɗi wanda zai riƙe yaro ranar Litinin ba. Giɓi mafi girma a cikinsa ke nan, kuma ta gaban jan birona ya wuce.

Ki ci jarrabawarki. Za mu zo ɗaukarki mu biyu, ni da Jagora, akwatin kuma ni zan ɗauka.

Kin ce su wane ne iyali, kin nemi amsa gajera. Da na rubuta miki cewa iyali za su ɗauki nauyi, ke da Auta nake gani, ban ƙirga kaina ba. Na yi kuskure.

Mijinki, mai raino.